Filin Girki: Zaƙi da tsami a tukunya ɗaya

Yawancin wasiƙun da suka iso mana wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato jar miyar nan mai sheƙi da ake zubawa kan soyayyar kaza a gidajen cin abincin Shinuwa, wato Sinawa. Ga waɗanda muka zaɓo.

Wata uwargida daga unguwar Bukoki a Yamai ta rubuto: "Assalamu alaikum. Maigida ya sayo mana kaza da wata jar miya mai zaƙi da tsami, yara har da lashe kwano. Na gwada da tumatir, sukari da lemun tsami, sai ta fito kamar miyar shinkafa da aka zuba wa sukari. Don Allah a ba ni ainihin ma'auni."

Wa alaikumus salam uwargida. Inda aka samu saɓani shi ne kin bi ta hanyar miyarmu ta gida. Miyarmu doguwar dahuwa ce ke ba ta kauri, tumatir ya yi ta tafasa har ruwansa ya ƙone. Wannan kuwa duka dahuwarta ba ta wuce minti 5, kaurinta da sheƙinta daga sitaci suke. Sinawa na kiran wannan haɗi "tang cu", ma'ana sukari da binegar, kuma sunan ya faɗi komi: su biyun nan ne miyar, sauran kaya rakiya suka yi. Jar da kuka ci salon kudancin Sin ne, yankin Guwangdong da Hong Kong. A can da naman alade aka fi yin ta, mu kuwa kaza ko kifi ke maye gurbinsa, kuma ba abin da miyar ke rasawa.

Ga ma'aunin da zai isa rabin kilo na tsokar kaza, abincin mutum 4. Duka da cokalin miya za ki auna, a shafe ba a tsoro ba, wanda ke ɗaukar mililita 15. Ruwa cokali 10. Sukari cokali 5, wajen giram 60 ke nan, in kuma na ƙwaya ne, ƙwaya 11 ko 12. Binegar cokali 4. Kecaf cokali 4. Baƙin ruwan waken soya na kwalba cokali 1. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. A wani ɗan kofi daban ki dama Maizena, wato sitacin masara na kanti, cokali 1 da ruwan sanyi cokali 2, ki ajiye gefe.

Ki haɗa komi a ƙaramar tukunya ban da Maizena, ki ɗora kan wuta matsakaiciya kina juyawa har sukarin ya narke, miyar ta soma tafasa. A nan za ki tsaya ki ɗanɗana, kuma wannan ɗanɗanawar ta fi duk ma'aunin da muka lissafa muhimmanci, domin binegar da kecaf na kasuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Abin da ake nema: tsami ya fara taɓa harshe, zaƙi ya biyo baya, gishiri ya riƙe su biyun. In ta shaƙe ki a maƙogwaro, ƙara rabin cokali na sukari. In ta yi kamar alewa, ƙara rabin cokali na binegar. In kin ji duka biyun amma miyar ta yi salam, gishiri ne ya yi ƙaranci. Ki bar ta ta ɗan fi ƙarfi a baki, don sitaci da nama za su rage mata kaifi. Sai kin gamsu sannan ki sake motsa Maizenar nan, don tana kwanciya a gindin kofi cikin minti guda, ki tsiyaya ta siriri kina juyawa. Da farko miyar za ta yi fari-fari. Ki bar ta ta tafasa minti 1, za ki ga ta washe ta yi sheƙi. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa: in layin ya tsaya bai haɗe ba, ta yi, sauke.

Wata amarya daga Tawa ta ce: "Anti, sau biyu ina yi. Na farko ta yi gudaji, na biyu ta yi kauri mai kyau amma kafin a ci ta tsinke ta koma ruwa."

Amarya, laifi biyu ne daban-daban. Gudaji na zuwa ne in an barbaɗa busasshen gari cikin miya mai zafi, ko an dama shi da ruwan ɗumi. Bayan garin ya dahu nan take ya rufe, cikinsa ya saura ɗanye, kamar dai yadda kunu ke yi wa mai gaggawa. Ruwan sanyi kawai. In ya riga ya faru, ki tace ta da rariya.

Tsinkewa kuwa dalilanta sun fi yawa. Sitacin masara na soma kumbura tun zafi na wajen digiri 65 zuwa 70, amma ba ya kama jikinsa sai ya kusa tafasa. Wadda ta sauke da ganin kauri na farko ta sauke da wuri. Wadda kuma ta bar ta tana tafasa minti 5 ko 10 ta wuce gona da iri, domin tsami da zafi tare suna yanka sitacin, kaurin ya karye. Shi ya sa Maizena ce ƙarshen shiga tukunya. Akwai na uku da mutane da yawa ba su sani ba: yawun bakin mutum na ɗauke da sinadarin da ke narka sitaci. Cokalin da aka ɗanɗana da shi aka mayar cikin miya bayan an sauke, yana iya tsinka ta. Na huɗu shi ne ruwan kayan lambu. Albasa, koren tattasai da abarba in an zuba su ɗanyu cikin miyar da ta gama kauri, ruwansu zai fito ya tsinka ta. Ki fara soya su a wuta mai ƙarfi minti 2, su ɗan yi laushi amma da sauran ƙarfinsu.

Kada ki ɗauki garin masara na tuwo a matsayin Maizena, ba abu ɗaya ba ne, zai ba ki kunu. Fulawa na yin kauri amma sai kin ninka yawanta, kuma miyar ba za ta yi sheƙi ba. Sitacin rogo na ci, mai tsabta, ya ma fi Maizena sheƙi, sai dai yana yauƙi in ya yi yawa, don haka ki ɗan rage. Na guga kuwa kada ya kusanci tukunya.

Wani malamin makaranta daga Yantala ya tambaya: "Binegar ɗin da ke kantinmu an rubuta masa vinaigre d'alcool. Iyalina sun ƙi amfani da shi. Giya ce a ciki? In ba shi, me za a sa?"

Malam, tambayarka ta dace, kuma gidaje da yawa na da wannan shakkar. Kowane binegar na ainihi, na shinkafa ne, na tuffa ko na dabino, ta hanya ɗaya yake bi: sukari ya rikiɗe ya zama barasa, sannan wasu ƙwayoyin halitta su juya barasar ta koma ruwan tsami. Rubutun da ke jikin kwalbar asalinsa yake faɗi, abin da ke ciki ruwa ne da tsami, ba ya sa maye. Larabawa na kiransa khal, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba shi a matsayin mahaɗin abinci. Game da hukuncin wanda aka sarrafa da gangan a masana'anta, malamai sun yi bayani dalla-dalla, sai ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi. Abin da za mu ce a guje masa kai tsaye shi ne giyar shinkafa da Sinawa ke jiƙa nama da ita. Ba a buƙatarta, ɗanyar citta da tafarnuwa sun wadatar.

Ta ɓangaren girki, ka duba lambar da ke jikin kwalbar. Binegar ɗin shinkafa da Sinawa ke amfani da shi tsaminsa kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ne, farin da ya cika kantunanmu kuwa yakan kai 6 zuwa 8. In 8 aka rubuta, cokali 2 da rabi ya isa a madadin 4, a cike sauran da ruwa. Rashin lura da wannan ne ke sa miyar wasu ta yi ta hawa kai.

In iyali sun fi natsuwa da abin gida, tsamiya na nan. A jiƙa giram 50 cikin ruwan zafi cokali 14 na minti 20, a murje a tace, a yi amfani da ruwan a madadin ruwa da binegar gaba ɗaya. Miyar za ta yi duhu, tsaminta mai taushi ne, ba ya hawa hanci. A ganinmu da kifi ta ma fi ta binegar daɗi. Ba kuma fita daga hanya ba ne: a gabashin Sin da baƙin binegar na garin Jenjiyang suke yin tasu, launin ƙasa-ƙasa, babu tumatir ko kaɗan. Lemun tsami shi ma yana yi, amma a matsa shi bayan an sauke, don tafasa na kashe ƙamshinsa.

Wata mai sayar da abinci kusa da kasuwar Wadata ta ce: "Kecaf ya yi mini tsada in zan yi da yawa. Kuma tawa takan yi duhu da ɗanɗanon ƙarfe."

Hajiya, tumatirin gwangwani cokali 2 na tsayawa a madadin kecaf cokali 4. Ki soya shi cikin mai cokali 1 na minti 2 a wuta kaɗan har ɗanyen warinsa ya fita, ki ƙara sukari cokali 1 da binegar rabin cokali a kan ma'aunin sama, don kecaf da nasa zaƙi da tsami yake zuwa. In kina son ja mai haske ba tare da kalar kanti ba, jiƙa ɗan zoborodo ki sa ruwansa cokali 3 cikin cokali 10 na ruwan. Tsofaffin masu girkin Guwangdong ma da wani jan ɗan itace mai tsami, mai girman kanya, suke samo launin kafin kecaf ya yaɗu.

Ɗanɗanon ƙarfe kuwa daga tukunya yake. Tsami na cin tukunyar dalma, shi ke dusashe launin ya kawo wannan ɗanɗano. Ki dafa a ta inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ki adana a kwalba ko roba mai murfi.

Wata ɗaliba daga Talaje ta rubuto: "Miyar ta yi daidai, amma kazar da na soya ta jiƙe ta yi laushi tiɓis. Na kuma jiƙa ta da ɗanyar abarba tun dare, sai naman ya dagargaje."

Ɗiyata, ɗanyar abarba na da sinadarin da ke narka tsoka. Minti 20 ya isa ya tausasa nama, kwana guda kuwa zai mai da shi kamar dambun da ya sha ruwa. Zafi na kashe wannan sinadari, shi ya sa ta gwangwani ko wadda aka soya ba ta yin haka. Ruwan ta gwangwani ma yana iya maye rabin ruwan miyar, sai ki rage sukari cokali 1.

Suyar kuwa a nan ne aikin yake. Ki ɗauki tsokar cinya, ta fi ƙirji jure wuta, ki yanka girman goro ƙarami, wajen santimita 2 da rabi. Ki sa gishiri rabin cokalin shayi, dakakkiyar citta, ruwan waken soya cokali 1 da ƙwai 1, ki bari minti 20. Sannan ki birkiɗa kowane yanka cikin busasshiyar Maizena, wajen cokali 8, ki danna ta kama, ki kakkaɓe. Man gyaɗa ya dace da wannan suya. Suya biyu ake yi. Ta farko a zafi matsakaici, wajen digiri 170, minti 3 zuwa 4, don cikin ya dahu. In ba ki da ma'aunin zafi, tsoma bakin muciya busasshe: ƙananan kumfa su taso a hankali kewaye da shi. Kada ki cika kasko, kashi biyu ko uku za ki yi, don nama da yawa na sanyaya mai, ɓawon ya sha mai. Ki tsame ki bar shi ya huta minti 5. A wannan hutun ruwan da ke ciki yana fitowa ya jiƙa ɓawon, suya ta biyu ce ke kore shi: ki ƙara wuta mai ya kai wajen digiri 190, ki mayar minti 1, ya yi ja ya yi ƙamas.

Sai kowa ya zauna, shinkafa na kan faranti, sannan miya da nama su haɗu. Kasko a wuta, albasa 1 (ta Galmi in an samu, yanka manya), koren tattasai 1, abarba cike da tafin hannu, minti 2. Zuba miya, ta tafasa, zuba kaza, juya sau biyar ko shida, sauke. Miyar shafa naman za ta yi, ba nitsewa zai yi cikinta ba. In baƙi za su makara, ki ajiye su daban-daban. Kifin kogi, giwan ruwa ko karfasa, haka ake yi masa, sai dai suyar farko minti 2 zuwa 3 ta isa, kuma a zuba masa miyar a kai kada a juya.

Daga Ƙonni wata uwa ta tambaya ko za ta iya yin mai yawa ta ajiye, ga kuma mai ciwon sukari a gidan.

Inna, ki dafa haɗin ba tare da Maizena ba, ki zuba a kwalba mai tsabta, zai yi mako 1 a firigo. Ranar da za a ci sai ki ɗiba ki sa sitacin. Wadda aka riga aka kaurara takan daskare a sanyi ta fitar da ruwa, in kuma ta yi ƙanƙara sai ta lalace gaba ɗaya. Wadda aka haɗa da nama kada ta wuce awa 2 a waje, a zafin Afrilu da Mayu kuwa awa 1, kuma in wuta ta ɗauke ta daɗe, kada tsaminta ya ruɗe ki ki ɗauka naman bai taɓu ba.

Mai ciwon sukari kuma a gaya masa gaskiya: tsakanin sukari da kecaf, rabon mutum ɗaya a wannan ma'auni ya kusa giram 20, kimanin ƙwaya 3 da rabi, ban da sitacin ɓawo da shinkafa. Zuma ba ta sauya lissafin. Ki ware masa kazarsa da kayan lambu kafin a zuba miya, ki matsa masa lemun tsami.