Kan injin huda ya ƙi fita: in sayar ko in gyara?

Wani mai walda daga Kaduna ya rubuto cewa ya sayi tsohon injin huda ƙarfe na tsaye a Panteka, amma kan da ke riƙe ƙusar huda ya ci tsatsa ya ƙi fita. 'Yan gwangwan sun yi masa tayi, yana tambaya ko ya sallama ya sayi sabo.

Malam, kada ka sallama. 'Yan gwangwan kilo za su auna, alhali darajar injin nan tana cikin gangar jikinsa ta zubin ƙarfe, wadda nauyinta ke hana shi rawa lokacin aiki. Kan da ya maƙale kuwa yana cikin sassan da suka fi araha.

Yawancin irin waɗannan injuna ba zare ke riƙe kan ba, matsi ne kawai. Sau da yawa sandar da ke riƙe kan tana da siffar tsinin da ake kira Morse, wanda Stephen Morse ya ƙirƙiro a Amurka a 1864. Sauko da hannun injin ƙasa, ka duba ko akwai doguwar tsaga a jikin bututun da ke saukowa da kan. In akwai, juya kan da hannu har tsagar bututun ta haɗu da ta sandar da ke cikinsa, ka zura ƙarfe mai kaifin harshe, ka buga shi a hankali. Sa katako a ƙasa, don kan zai faɗo ne ba sallama. In babu tsaga, ana cusa siraran ƙarafa biyu masu baki kamar cokali mai yatsu a saman kan, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a matse su tare. Kafin duk wannan, jiƙa wurin da kananzir kwana biyu ko uku.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sa guduma ka doki kan ta gefe. Na ga injin da aka yi wa haka: sandar ta lanƙwashe, boris ya lalace, ƙusar tana lilo, ramin milimita 10 yana fitowa da faɗi. Gyaran nan ne mai cin kuɗi.

Sai ka yi lissafi a takarda: kuɗin sabon kai, ladan mai gyara, da abin da kake biya duk mako a huda maka a wani shago. Kwatanta da farashin sabon inji mai nauyi irin naka. In har sandar tana juyawa daidai kuma motar injin na tashi, gyaran zai mayar maka da kuɗinsa.