Sunan Inna da aka sa wa 'yarka

Ɗana, na ga saƙonka. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce babanka ya roƙa a sa wa jaririyar sunan Inna, amma ya ce Ummi za a riƙa ce mata, shi ne kake tambaya ina amfanin sunan da ba za a kira ba.

Kunya ce, ba camfi ba. Ni da babanka ba za mu iya buɗe baki mu kira sunan mahaifiyarmu gatsau ba, balle a tsakar gida ana tsawata wa yarinya da shi. Matarka ma suruka ce, ba za ta faɗa ba. Shi ya sa ake sakaya shi da Ummi, ko Mama, ko Iya, kamar yadda ake ce wa namiji Abba ko Baffa idan ya ci sunan kakansa. Sunan yanka yana nan, shi liman zai raɗa ranar bakwai, shi za a rubuta a makaranta. Ita Inna ma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci sunan yayanmu ba, don shi ne ɗan fari.

Kai ka san ta ne tana tsohuwa a kan tabarma, tana tsokanarka da angona. Mu mun san ta da ƙarfinta. Kafin a kira asuba ta hura wuta, kafin hantsi ta gama surfe, ta dama fura ta aika gandu a ƙwarya. Sai la'asar take samun leƙa gayaunarta, 'yar gonar da Baba ya yanka mata, inda take sa gyaɗa da wake da kuɓewa. Abin da ya fito nan nata ne, ba mai taɓawa. Ta soya gyaɗar, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli mu kai talla. Lokacin ɗorawa kuma ga daddawa: a dafa kalwa yini guda, a surfe, a wanke, a rufe da ganye kwana biyu ko uku, gidan duk ya ɗauki wari. Kuɗin ba ta ci. Adashi take zubawa, in ta kwasa ta sayi akuya.

A farin 1973, shekarar da naira ta fito, rumbun Baba ya ƙare tun kafin bazara. Awakinta aka riƙa kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya ana auno hatsi. Ta haɗa da tafasa da rama ta yi kwaɗo, ta zuba wa yara, ta ce ita ta ci a madafa. Sai da na yi aure na haihu na gane ba ta ci ɗin ba. Bayan shekara biyu cuta ta cinye gyaɗa a ƙasar nan, ta koma wake ba tare da ƙorafi ba. Haka ta sake riƙe gidan a 1984. Wannan matar babanka yake so a riƙa tunawa kullum a cikin gidanka, kuma ina bayansa.

Da tana raye, da kishiyata za ta ce wa yarinyar, kuma da ta ba ta akuya, don mai suna ba ya barin takwararsa hannu banza. Cikin awakin da suka faɗo a rabona akwai wata ja mai ciki, na ware wa Ummi. Za a kiwata mata a nan ƙauye, abin da ta haifa nata ne, kada ka sa a sayar don hidimar suna. Ka gaya wa mai jego ta dage da kunun kanwa da ruwan zafi. Ina tafe ranar jajibiri da daddawa da kuka, a tanadar min babbar tukunya.