Wa ya kwararo da hamadar?

Tambaya: Malam, "ɗumamar yanayi" da "sauyin yanayi" abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Ɗumama ƙaruwar zafi ce kawai. Sauyi ya haɗa da makarar damina, fari da ambaliya. Masu karanta labarai ne ke cakuɗa su don gaggawa.

Tambaya: Ni malamar sakandare ce. Ina so ɗalibaina su riƙa tantance labaran muhalli na rediyo da Facebook. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, fara da aikatau. Rubuta labari ɗaya a allo, kada ya wuce jimla goma. Su ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, su tambaya: wa ya aikata?

Ɗauki "kwararowar hamada". Ruwa ne ke kwarara, don haka mai sauraro sai ya hango rairayi yana gangarowa daga arewa kamar kogi, ba hannun kowa. Alhali galibi ƙasa a inda take take mutuwa: saran itace don gawayi, kiwo fiye da kima, noma ba hutu, ga ƙarancin ruwan sama. Kalmar ta wanke mai gatari tas.

Sai "an", wadda ba abin da ba ta ɓoyewa. "An dasa bishiya miliyan ɗaya." Wa ya dasa? A wane gari? Kuma dasawa daban, rayawa daban: dashen Agusta sai ya tsallake rani da bakin akuya kafin a kira shi bishiya. Ko shirin koriyar ganuwar nan na dasa bishiyoyi don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, tambayar da za a yi masa ke nan: nawa suka ga damina ta biyu? (Af, iri ake shukawa, tsiro ake dasawa. Mai cewa gwamna ya "shuka" dashen da aka ciro daga leda, ya tambayi kakarsa.) Manoman Maraɗi kuwa ba dashe suka dogara da shi ba. Tohon kututturen gawo da ke gona suke bari, su zaɓi ƙarfafa biyu zuwa biyar, su datse saura. Sassaben zamani suke ce masa. Ba bikin yanke ƙyalle, shi ya sa ba kasafai yake shiga labarai ba.

Inda darasin ke ɓaci shi ne yara su koma ƙaryata duk abin da suka ji. Maganinsa, kowa ya sake rubuta jimlar da mai aikatawa, wuri da adadi. Gurbin da ya kasa cikewa, shi ne abin da labarin bai faɗa ba.

Tambaya: "Ruwa ba ya tsami banza" ya dace da labarin ambaliya?

Amsa: Ba kan ruwa aka yi karin ba, kan dalili ne. Amma ya dace: a Maiduguri, Satumban 2024, madatsar Alau ce ta ɓalle. Wanda ya ce "iftila'i" ya yi shiru bai ƙarasa jimlarsa ba.