Amsa: me ya sa wah ɗina ba ya motsi?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora wah, wato matatar sautin da ke sa jita yin "wa-wa", a kan jitar da kuka naɗa a situdiyonku na Zango, amma sautin ya tsaya cik, ba ya yin "wa-wa". Ni dai maɓallin Sensitivity nake zargi, wato mai saita yadda wah ke jin ƙarfin bugu.

Aikin wah shi ne ya ɗaga wani siririn yanki na sauti, ya riƙa yawo da shi sama da ƙasa, yawanci tsakanin 400 da 2000 Hz (ma'aunin kaifin sauti). A na ƙafa irin Cry Baby, takunka ne ke yawo da shi. A kwamfuta kuwa, ko dai Rate, maɓallin saurin yawon, ya riƙa kaɗa shi da kansa, ko ƙarfin bugun tsirkiya ya tura shi. In a kan na biyun kake, kuma naɗin ya shigo a raunane, matatar ba za ta buɗe ba ko kaɗan. Murɗa Sensitivity sannu-sannu har bugu mai ƙarfi ya buɗe ta, mai taushi ya bar ta a rufe. Kuma kada ka sa kwamfuresa kafin wah, domin tana daidaita ƙarfin bugun, wah ya rasa abin bi.

Q kuma, wato maɓallin da ke ƙara wa yankin siranta da kaifi, a yi hattara. In aka cika shi, sai jita ta koma tsuwa kamar algaita a kunne. Rabi ya wadatar. In waƙar na da kalangu, rage Mix (yawan wah a cikin sautin) kaɗan, tunda shi ma a tsakiyar sautin yake magana.