Amsa: Wanda ya karanta tattalin arziki zai iya shiga harkar lafiya?

Ƙanwata, kin tambaya ko mai digirin tattalin arziki zai iya aiki a fannin lafiya ba tare da zama likita ba, da kuma inda ake koyon hakan. Ƙwarai kuwa, kuma irinku muke nema ruwa a jallo.

Ana kiran fannin tattalin arzikin lafiya, aikin kuma shi ne lissafin inda kowace naira za ta fi ceton rai: a raba gidajen sauro ne, ko a sayi na'urar wankin ƙoda guda? A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita. Shi ya sa za ki ga magidanci ya sayar da akuya ko buhun gero kafin a yi wa matarsa tiyata. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. To, wa zai bi diddigi ya ga ko kuɗin na isa asibitin ƙauye? Masu wannan ilimi sun yi mana ƙaranci, musamman a arewa, abin kuma yana damuna.

Don digiri na biyu, ki duba Jami'ar Najeriya reshen Enugu, inda Farfesa Obinna Onwujekwe ya daɗe yana wannan bincike, ko Jami'ar Cape Town. Ki shiga AfHEA ma, wato ƙungiyar masana tattalin arzikin lafiya ta Afirka. Tun yanzu dai ki dage da ƙididdiga, ki koyi manhajar nazarin alƙaluma ta Stata ko ta R, domin da su ake aikin kullum.