Zanzibar: Kar ka tsallake tsohon gari ka zarce bakin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Jos, bayan Babbar Sallah in sha Allahu za a ɗaura min aure, kuma amarya ta kafe sai Zanzibar saboda hotunan da take gani a Instagram. Dan Allah ƙasa ce mai zaman kanta ko gari ne a Tanzaniya? Sannan banda wanka a teku akwai abin gani, ko dai wurin holewar turawa ne da bai dace da irinmu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Gaskiya amarya ta iya zaɓe, sai dai abin da take gani a hoto rabin labari ne, kuma ni da nake harkar shirya wa mutane tafiye-tafiye a nan Abuja ba abin da ke damuna irin in ga mutum ya kashe kuɗinsa, ya sauka filin jirgi, mota ta kwashe shi sai otal a bakin ruwa, ya yi kwana biyar ya dawo bai taka cikin gari ba.

Bari mu fara da tambayarka ta farko. Zanzibar tsibirai ne a tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, kuma ɓangare ne na Tanzaniya amma suna da nasu shugaban da majalisarsu da ke kula da harkokin cikin gida. Babban birnin shi ma sunansa Zanzibar, yana gaɓar yamma ta Unguja yana kallon Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, jirgin ruwa mai gudu kamar awa biyu ne tsakaninsu, na sama kuwa wajen minti 20. Kai da ka saba da sanyin Jos kana saman dutse, ka shirya, can daidai da teku kake, zafin nasu ba irin na Kano ba ne mai ƙuna, gumi ne kawai da za ka yi wanka ka fito ka ji kamar ba ka yi ba. Babbar daminarsu da suke ce wa masika daga Maris ne zuwa Mayu, sai ƙarama wajen Nuwamba, in da hali ku saita tafiyar tsakanin Yuni da Oktoba.

Toh batun ko ya dace da ku, ɗan'uwa ai garin Musulmi ne, kusan kowa Musulmi. A tsohon garin da suke kira Mji Mkongwe, turawa su ce Stone Town, kiran sallah daga ko'ina yake zuwa maka, maza da farar jallabiya da hula, mata da baƙar abaya, amarya da hijabinta ba wanda zai ɗaga ido ya kalle ta. Yawancinsu 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, kar ka yi mamaki in ka ji liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha. Ko yarensu na Suwahili ma kunnenka zai riƙa tsintar abubuwa, su ce habari mu ce labari, sabuni mu ce sabulu, asubuhi mu ce asuba, karafuu kuwa shi ne kanumfarinmu, duk daga Larabci muka ɗebo mu da su.

Kanumfarin nan ka riƙe shi, don shi da hauren giwa da bayi su suka gina garin. Turawan Fotugal sun yi kusan shekara ɗari biyu suna juya gaɓar, Larabawan Oman suka kore su a 1698, suka gina ganuwar nan da har yau take tsaye a bakin ruwa, Ngome Kongwe. Wajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya baro Maskat, babban birnin Oman, ya dawo da fadarsa nan gaba ɗaya, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari, fatake suka riƙa shiga can cikin Afirka har Kongo suna dawowa da hauren giwa da mutane a ɗaure. Iska ce ke kawo jiragen katako daga Oman da Indiya a wani lokaci na shekara, in ta juya ta mayar da su gida, shi ya sa za ka ga gida ɗaya ƙofarsa ta Indiyawa, tagarsa ta Larabawa, masu gidan kuma Suwahilawa.

Akwai wurin da nake roƙon duk wanda na tura ya je ko da ba shi da daɗin gani, tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873 zamanin Sarki Barghash bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a kan filin. A harabar akwai wani rami da aka sassaƙa mutane biyar a tsaye a ciki, sarƙa a wuyansu, sannan ana shiga da kai wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa da ake cewa a nan ake tsare su kafin ciniki, rufin a ƙasa-ƙasa, iska sai ta wata 'yar tsaga a bango. Ranar da na fara shiga wallahi na fito ban iya magana ba, don ka san masu wannan cinikin da yawansu sallah suke yi kamar mu, kuma mu ma a ƙasar Hausa mun san bauta, ba labarin wasu can ba ne.

A bakin ruwa kuma akwai Baitul Aja'ib da Barghash ya gina a 1883, ginin farko da ya samu lantarki a tsibirin, wani sashe nasa ya rufta a Disamba 2020 ana cikin gyara. A gabansa aka yi yaƙin da ake cewa ba a taɓa gajere kamarsa ba, 27 ga Agusta 1896, Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fada wuta, ko minti 45 ba a cika ba an gama. Zanzibar ta samu 'yanci daga Ingila a Disamba 1963, wata ɗaya kacal, 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin juya hali aka kori Sarki Jamshid, dubban mutane suka mutu yawanci Larabawa da Indiyawa, Abeid Karume ya zama shugaba, 26 ga Afrilu suka haɗe da Tanganyika ta Nyerere, daga sunayen biyu aka samo Tanzaniya. Wannan maganar har yau tana da nauyi a wurinsu, kar ka riƙa tono ta da wanda ba ka sani ba.

Shi tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000 ba a yawonsa da mota, lunguna ne matsattsu irin na cikin birnin Kano sai dai benaye ne hagu da dama, za ku ɓata, kowa ma yana ɓata, ku ci gaba da tafiya kawai za ku ɓulla bakin teku ko kasuwar Darajani. Ku tsaya ku kalli ƙofofin, katako mai kauri da aka sassaƙa, wasu da ayar Alƙur'ani a sama, wasu da ƙusoshin tagulla manya. Kusan kowane gida da dakali a ƙofa, baraza suke ce masa, dattawa na zaune ana zuba musu baƙin gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Bayan Magariba sai Forodhani, nan masu gashi ke baje tebura, kifi da jatan lande da kaguwa, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti, kuma ka zaɓi wanda aka gasa kana gani.

In ni ne ku, kwana biyu ko uku a gari, rana ɗaya gonar kayan ƙamshi amarya ta ga kirfa da kanumfari a jikin bishiyarsu, ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu ku ga manyan kunkuraye, sannan ku wuce arewa Nungwi ko Kendwa inda farin yashin nan na hoto yake. A can ne za ka ga turawa da shigarsu ta wanka, in abin zai takura ku ka nemi masauki mai keɓantaccen wuri tun kafin ku tashi.

Daga Abuja an fi bi ta Adis Ababa. Ka nemi biza tun kana gida, ku riƙe katin rigakafin shawara, kuma tun Oktoba 2024 sai baƙo ya sayi inshorar gwamnatinsu kafin ya shiga. Suna gabanmu da awa biyu, sannan a Suwahili daga wayewar gari suke fara ƙirga lokaci, in mai kwalekwale ya ce maka saa mbili, wato awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi, ka sa ya nuna maka a agogo.