Neman Digirin Digirgir a Fiziks na Sinadarai: Amsa ga Wani Ƙane

Ƙanena, ka ce ka gama digirin farko a kemistiri, kana son digirin digirgir a Amurka a fannin da kemistiri ya haɗu da fiziks, kana tambaya ko sai ka yi digiri na biyu tukuna, kuma ta ina za ka fara.

Ba dole ba ne. A nan ana ɗaukar mai digirin farko kai tsaye, karatun kan ci shekara 5 zuwa 6. Jamus ce galibi ke neman digiri na biyu. Jami'o'in Habad, Merilan, Minesota da Kolorado suna da shiri mai suna fiziks na sinadarai, amma kada suna ya ɗauke maka hankali: a jami'o'i da yawa aikin yana cikin sashen kemistiri ko na fiziks. Malami za ka nema da ɗakin bincikensa. Inda ba ka ga malamai uku da aikinsu ya dace da kai ba, bar wurin, domin ɗaya tilo da ka ƙwallafa wa rai yana iya rasa kuɗin ɗaukar ɗalibi a shekarar.

Abin da masu tantancewa ke fara dubawa a takardar sakamakonka shi ne lissafi. Sun san ɗan kemistiri ya iya haɗa sinadarai. Shakkarsu ita ce ko zai jure kwantam makaniks da istatistikal makaniks, darussan fiziks masu nauyin lissafi, a zangon farko. Idan ka ɗauki darussan lissafi na liniya aljebra da difarenshal ikweshan, fito da su fili. Idan makinka a nan ya yi rauni, to aikin bincikenka ne zai cece ka.

Nan kuma mutane ke faɗuwa. Takardar bayanin manufa shafi ɗaya ce zuwa biyu, sai mutum ya cinye rabinta da labarin yadda yake son kimiyya tun yana yaro. Rubuta abin da hannunka ya taɓa: wane molekul ka lissafa, da wace manhaja, ace ORCA ko Psi4, da wace hanya, lissafin ya ƙi daidaita a ina, me ka sauya har ya zauna, sakamakon ya saɓa wa awon gwaji da nawa. Sakin layi guda irin wannan ya fi shafi guda na yabon kai. Rashin na'urar leza ta yin gwaji a makarantarku ba uzuri ba ne, tunda ana iya yin binciken da lissafi a kwamfuta: Psi4 kyauta ce, ƙaramin molekul kuma kwamfutar cinya ta ishe shi. Sannan ka ambaci malaman da kake so, kowanne da takamaiman dalili.

Wasiƙun shaida uku ake nema, kuma malamin ne da kansa zai ɗora ta mahaɗin da za a aika masa. Sau da yawa saƙon na maƙalewa a akwatin tarkace har ranar rufewa ta wuce. Sanar da su tun Satumba, ka roƙi su yi amfani da imel na jami'a. Wasiƙar da ta tsaya a "yaro ne mai ladabi" ba ta ɗaga kowa; gara ƙaramin malamin da ya duba aikinka da farfesan da bai san fuskarka ba.

Yawancin shirye-shiryen suna rufewa a Disamba. GRE, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, wasu sun daina nema, sai ka duba kowanne. Sakamakon TOEFL, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, shekara 2 yake yi, kuma makin magana yana da nauyi, saboda kuɗin shekarar farko galibi daga koyar da ɗalibai yake zuwa, kimanin awa 20 a mako. Tayin da babu yafe kuɗin makaranta da alawus a cikinsa, kada ka karɓa.

Amsa kan fito tsakanin Janairu da Maris, kuma jami'o'i da yawa sun amince ba za su matsa maka ka amsa tayinsu kafin 15 ga Afrilu ba. Daga nan sai fom I-20 da jami'ar da ta ɗauke ka ke bayarwa, kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, da ganawar bizar ɗalibi ta F-1. Dokokin biza suna yawan sauyawa bisa ƙasar mutum, don haka duba matsayin fasfonka kafin ka biya kuɗin fom ko ɗaya. Masu aikin leza kuma a kan riƙe takardunsu don ƙarin bincike na makonni, saboda haka nemi ranar ganawa da zarar I-20 ta iso.